Hedifon a Gindin Babban Zarto

Ƙarfe ɗaya saura na rana muka ji ihun Baba Tsoho, muna tsallaken titi muna cin abinci. Kafin mu shigo masana'anta an riga an kashe babban zarto, yana juyinsa na ƙarshe a hankali. Baba Tsoho na kwance a ƙarƙashin injin ya rungume hannunsa na dama, yatsu uku babu. A gaban makunni kuwa Mai Fenti ce tsaye, ga hedifon ɗinta marar igiya yashe cikin garin katako kusa da ƙafarta.

Ni ne mai sito a wurin nan. Shekara goma sha ɗaya ina raba wa kafintoci ƙusa da gam da takalmin aiki, don haka na san halin kowa, har da nawa. Ba mu yi minti biyar ba muka zauna shari'a, muka yanke hukunci, muka tashi.

Ga yadda muke aiki, don a gane. Babban zarto yakan toshe, dole wani ya kutsa ƙarƙashinsa ya share da hannu, kuma daga wurin makunni ba a ganin na ciki. Saboda haka akwai wani tsohon ƙarfen mota rataye a gefe. Duk wanda zai kunna sai ya buga shi sau uku ya dakata. In akwai mutum a ƙasa sai ya ce, "Ina ciki." Lokacin da muke sa Baba Tsoho a mota zuwa asibiti, magana ɗaya yake ta maimaitawa: "An buga ƙarfe, na amsa. Sau biyu na amsa."

Wa zai buga ƙarfe ya kasa jin amsa, in ba wanda ya toshe kunnensa ba?

Shugaban aikinmu ne ya fara nuna ta da yatsa. Doka muke ce masa a bayan idonsa, saboda bangon nan kaf ya cika shi da dokoki, kuma mafi girmansu ita ce ba a sa komai a kunne kusa da inji. Kullum yana yawo da jan fensir a bayan kunnen hagu, aikin da bai yi masa ba sai ya zaro ya tsaga masa layi.

"Na faɗa, na sake faɗa," in ji shi. "An ce ɗakin fenti babu wuƙa, a bar ta ta sa abinta. To ga shi nan."

"Kashewa na zo yi," ta ce. "Ihu na ji na fito."

Babu wanda ya saurare ta. Ita kaɗai ce mace a cikinmu, watanta takwas, aikinta bai taɓa shan jan fensir ba, kuma ba ta zama gulma da mu. Mun daɗe muna jiran ta zame, gaskiyar ke nan, kuma ina cikin masu jiran.

Maigida, mai masana'antar, ya dawo daga asibiti fuska a murtuke. Ya sa aka zaunar da ita a ofis, ya ce ƙarfe biyar zai kira 'yan sanda ya miƙa ta. Hedifon kuma ya ce in kulle a sito. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta kira kawunta.

*

Kawun ya iso wajen ƙarfe biyu, wani siririn dattijo da sanda, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana gadin daji, yana bin ɓarayin itace da masu farautar sata. Maigida ya san shi, don shi ya taɓa gano masa lodin katakon da aka sace. Shi ya sa bai kore shi ba, sai dai ya ce, "Baba, zuwa biyar ne. Kuma Mai Sito zai bi ka duk inda ka sa ƙafa."

Dattijon ya tsaya a gaban zarto ya dubi ƙasa, ya ja tsaki.

"Garken shanu ne ya wuce ta nan?"

"Mutane ne suka zo ceto," na ce.

"Sun yi ƙoƙari. Sun ceci mai laifi."

Ya bar tsakiyar fili ya koma bin gefe. Bayan tarin katako akwai wani lungu da ke fita ƙofar baya. A nan ya durƙusa ya nuna min sawu uku da sandarsa. Yatsun takalmin sun nutse cikin garin katako, diddigen ko taɓa ƙasa bai yi ba, tsakanin sawu da sawu kuma ya fi taku ɗaya da rabi.

"Wannan gudu yake yi. Kuma ba ƙafar mace ba ce."

Doka, da ke biye da mu tun ɗazu hannu a baya, ya ce, "Kowa na bin nan in zai je banɗaki."

"Da irin wannan gudun? To Allah ya ba cikinsa lafiya."

Wasu kafintoci suka yi dariya, suka tuna da wanda suke yi wa, suka haɗiye. Mai Sawu ya tambaye ni su wa nake ba babban takalmi. Na ce mutum uku ne: Dogo, da Direba, da shugaban aiki. Dogo kwano ɗaya muka ci da shi. Shugaban aiki kuwa tare muka shigo da gudu, ko dai in ce na gan shi a cikinmu a bakin ƙofa. Saura Direba, wanda motarsa ke ajiye daidai ƙofar baya.

"Ka zo ka wanke 'yar ƙanwarka ne kawai," in ji wani daga bayan benci.

"In ita ce, da hannuna zan kai ta," dattijon ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

*

A ofis ma bai yi mata sassauci ba. Tana ganin sa ta fashe da kuka, ya jawo kujera ya zauna yana jira.

"Kuka ba sawu ba ne, ba ya kai ni ko'ina. Ina kike da aka kunna zarto?"

"Ɗakin fenti, Kawu. Ƙofa a rufe, fanka na aiki."

"Abin kunnen naki fa?"

"Ba ya tare da ni. Batirinsa awa arba'in yake yi, sau ɗaya nake caji a mako. Yau da hantsi ya fara min gargaɗi, ƙarfe sha biyu ya mutu. Na kai shi ɗakin hutu na jona a caji na koma aikina."

Na je na ɗauko shi daga sito aka duba. 'Yar fitilarsa na ci, a kunne yake. Kafintocin da suka taru a taga suka ɗau surutu, wai matacce ya tashi.

"Cajin minti goma yana ba shi awa huɗu," ta ce da ƙarfi don su ji. "Haka aka yi shi."

"Haka aka yi ƙaryar dai," in ji Doka daga ƙofa. "A duba wayar da ke haɗe da shi mana, ai abin ba ya mantuwa."

Aka duba. Waya ɗaya ce tak ya sani, tata. Na ga kafaɗunta sun zube.

Mai Sawu bai damu da hayaniyar ba. "In babu waya, yana da wani amfani?"

"Yana da shi, Kawu. In ka danna wannan, ƙarar duniya take ɗaukewa, kamar an rufe maka ƙofa. Ko waƙa ba ka sa ba. Kuma ba ya matse kai, sai ka yini da shi ka manta yana nan."

"Wa ya taɓa neman aro?"

"Direba. Sau biyu. Na hana shi."

*

Mun samu Direba a gindin motarsa yana wanke madubi. Ƙato ne mai ƙaton kai, kuma kowa ya san jiya-jiya suka yi cacar baki da Baba Tsoho a kan lodi. Yana ganin mu ya wurgar da tsumma.

"Wato an rasa wanda za a rataya wa, sai ni."

"Ka nemi aron abin kunnenta?"

"Na nema, laifi ne? Dubi nawa." Ya zaro wani hedifon daga mota, soson duk ya kwaye. "Sautinsa kamar ƙuda a cikin gwangwani. Rabin awa ya isa kunnenka ya yi zafi kamar an murɗe shi. Batir kuwa, kafin in fita gari ya mutu. Nata na ji sau ɗaya, na ji har numfashin mai waƙa. Na roƙa ta hana, na zage ta a zuciya, shi ke nan."

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga yana harara. Diddigen hagu an yi masa faci da taya, kuma gaban takalmin ya cinye sumul. Sawun lungu kuwa zanensa a fili yake. Mai Sawu ya saki ƙafar.

"Ina kake da aka yi ihu?"

"Kwance a cikin mota. Na ji ihu, na ji an banko ƙofar baya, wani ya wuce da gudu ya zagaya ta gaba. Kafin in tashi ya sha kwana."

"Me ya hana ka faɗa?" na ce, raina a ɓace.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya tambaye ni? Ai kun riga kun samu wadda kuke so. Kai ma, Mai Sito, na ji muryarka a ciki."

Na juya na bi bayan Mai Sawu.

*

Ƙarfe huɗu ta gota muka koma sito. Mai Sawu ya sa na rufe ƙofa, ya kai hedifon gaban taga.

"Ka taɓa shi tun da ka ɗauka?"

"Yadda na tsince shi haka yake."

Ya nuna min bakan da ke bi ta kan mutum. Yana da gaɓoɓi, ana ja a ƙara masa faɗi. A gaɓa ta biyu fentin ya goge saboda yawan zama a wurin, amma yanzu an ja shi har ƙarshe.

"Dabba tana da hanyar da ta saba bi, nan ne ciyawa ke kwanciya," ya ce. "Nan kan 'yata yake. Can kuma kan wani ne."

Sai ya sa a kansa. Janareta na ruri a bayan bango, fankoki na kaɗawa, na ga idonsa ya buɗe. Na kira shi sau biyu daga bayansa, da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Da ya cire sai ya riƙe abin nesa da jikinsa.

"Daɗi ne da shi, ɗan banza. Mafarauci ya sa wannan, zaki zai cinye shi yana murmushi."

Ya nemi tsinken ashana da farar takarda. Ya bi ɗinkin soson dama a hankali, ba komai sai ƙura. Ya koma na hagu. A saman soson, daidai inda yake hawa bayan kunne, akwai wani ɗan jan layi, kuma da ya sa tsinke a tsagar sai wani abu ya faɗo kan takarda, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kan fensir ne da ya karye, ja wur.

"Mai Sito, wa kake ba jan fensir?"

Kwalin jan fensir na nan a saman kanta, a bayan kansa, kuma a duk masana'antar nan mutum ɗaya ne ke karɓa. Shi ne kuma ya kawo ni aikin nan, shi ke sa hannu a ci gaba da ni kowace shekara. Tsoro na ji, ba wani abu ba, tsoron mai 'ya'ya huɗu.

"Kada ka amsa yanzu," in ji dattijon yana naɗe takardar. "A gaban mutane zan tambaye ka. Ka samu lokacin shirya ƙaryarka, in ita ka zaɓa."

*

Ƙarfe biyar saura kwata Maigida ya tara kowa a gaban zarto. An fito da Mai Fenti ta tsaya ita kaɗai a gefe, babu wanda ya matsa kusa da ita.

"Kowa zai sa wannan a kansa," in ji Mai Sawu. "Ɗaya bayan ɗaya."

Aka yi ta gunaguni, wai wasan yara ne, amma Maigida ya ɗaga hannu. Dogo ya fara. Kafinta dai ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne, har mantawa yake yana nan. Yana ɗora hedifon soson ya danne fensirin a ƙashin kansa, ya yi tsaki ya fizge. Na biyu ma haka, na uku fensirinsa ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya sa sai ya yamutsa fuska ya shafa bayan kunne.

Aka zo kan Doka.

"Ni ban taɓa sa wannan shirmen a kaina ba, kuma ba yau zan fara ba."

"Sa," in ji Maigida.

Ya karɓa yana huci. Kafin ya ɗaga shi, hannunsa na hagu ya tafi bayan kunne da kansa, ya zare jan fensir ya jefa a aljihu. Sannan ya ɗora.

"Wa ya koya maka cire fensir?" Mai Sawu ya tambaya, bayan ya yi masa alama ya sauke.

"Hankali. Na ga abin da ya samu waɗannan."

"Na biyu ma ya ga abin da ya samu Dogo, bai cire ba. Ido ba ya koya wa hannu da sauri haka, jiki magayi ne." Ya warware takardar a kan benci. "A soson hagu na samu wannan. Mai Sito, wa kake ba jan fensir?"

Ido ya dawo kaina. Doka ya dube ni irin kallon da ke cewa ka tuna. Na tuna ɗin. Na kuma tuna maganar Direba.

"Shugaban aiki kaɗai," na ce. "Yau da safe na ba shi sabo, ni na fiƙe masa da injin fiƙa."

"Fito da shi."

Doka bai motsa ba, sai da Maigida ya miƙa hannu. Fensirin ya rage tsawo, kuma bakinsa fiƙar kurfin sassaƙa ce ba ta inji ba, gefe huɗu, irin ta wanda ya yi cikin sauri.

Mai Sawu ya yi magana a hankali, kamar yana karanta ƙasa. "Ka shiga ɗakin hutu ba kowa, ka zare shi daga caji. Ka ja bakan, ka ɗora a kan fensir, ya karye. Ka zo ka yanka katako kai kaɗai cikin kwanciyar hankali. Ka buga ƙarfe, domin hannunka ya saba. Ka dakata, domin dokarka ce. Ya amsa sau biyu, ba ka ji ba. Da ka ga jini ka yar, ka bi lungu, ka zagayo ka shiga cikin mutane."

Doka ya nemi benci ya zauna.

"Shekara talatin ƙarar nan na cikin kaina," ya ce, yana kallon ƙasa. "Har gida take bi na. Watan jiya da na ƙwace shi a hannunta na gwada a ofis, na ji shiru. Ban san akwai irin wannan shirun ba. Minti goma kawai nake so."

Wallahi na kusa jin tausayinsa. Mai Fenti ce ta hana ni.

"Yatsun Baba kuskure ne, Allah ya sani," ta ce. "Amma yatsan da ka nuna ni da shi, wannan da gangan ne."

Maigida ya zaro wayarsa ya kira inda ya ce zai kira, sunan ne kawai ya canza.

Hedifon na hannuna a lokacin, don ni Doka ya miƙa wa. Ina kallo 'yar fitilar ta koma ja, ta ƙifta sau uku ta mutu. Awa huɗun da ta faɗa sun cika har da ɗori, a nan ma ba ta yi ƙarya ba.

Ta zo ta karɓa ba tare da ta dube ni ba. Ta mayar da bakan gaɓa ta biyu, ta goge soson hagu da gefen rigarta, ta ɗora a kai. Nan fa muka yi mata caa, mu da muka yi mata shari'a da rana. Dogo na cewa a yi haƙuri ƙanwata, wani na cewa sharrin shaiɗan ne, ni kuma ina biye da ita har bakin ƙofa ina kiran ta, ina cewa ta yafe min. Ta ratsa ta tsakiyarmu ta kama hannun kawunta, ta ce masa su wuce asibiti.

"Ku ƙyale ta," in ji Dogo. "Ba ta jin ku, abin nan na kanta."

Ni kaɗai na san batirin ya mutu, kuma tana jin mu sarai.